Gidan ajiye karnuka da magunan titi: a gina ko a bi wata hanya?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta unguwa a nan Zariya ta samu fili mai mita 15 a 30 a bayan gari, kuma wasu sun kawo shawarar a gina wurin da za a riƙa kwaso karnuka da magunan da ke yawo a titi a ajiye su, a ciyar da su, a yi musu magani. Abin da ya tayar da maganar shi ne yawan cizon da ake yi wa yara a kusa da bola da mahauta. Ina roƙon masana a cikinku su faɗa mana gaskiya: me ake fara yi, me za a gina, kuma me ke kashe irin wannan aiki?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri bisa niyyar. Amma kafin a sayi bulo ko ɗaya, a yi wannan lissafi. Idan kuna karɓar kare biyar a mako, kowanne ya yi mako biyu ya fita, ɗaki goma ya ishe ku. Idan kuwa kuna karɓar biyar ɗin babu mai fita, a shekara guda kuna da 260. Kare mai kilo 15 yana cin kimanin giram 250 na busasshen abincin karnuka a rana, hamsin kaɗai za su cinye kusan kilo 375 a wata. Wa zai ɗauki wannan har shekara goma, tunda kare na iya kaiwa haka? A wurinmu mutane ba su cika zuwa neman karen riƙo ba, sai maharba da masu gadi, su ma ƙanana suke so.

Na biyu, yawancin karnukan da kuke gani a titi suna da masu su. Sake su ake yi da dare, ko kuma ba a taɓa ɗaure su ba. In kun kwashe ashirin daga bakin mahauta, abincin da ya tara su yana nan, cikin 'yan watanni wasu za su cike gurbin, kuma sababbin ba ku san ko an yi musu rigakafi ba. Shawarata: ku gina ƙaramin wurin jinya, ba wurin zama na dindindin ba. A kama, a yi allurar haukan kare, a yi fiɗiya ko a cire mahaifa, a yi alama, a mayar da shi daidai inda aka kama shi.

Malam Nuhu: Dakta, ranka ya daɗe, a mayar da shi kuma? Mutanen da aka ciji ɗansu ba za su yarda da wannan ba. Me ya sa ba za a zuba guba a nama a huta ba, kamar yadda aka saba?

Dakta Bashir: Malam, an daɗe ana yin hakan a ƙasashe da dama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kisan kan mai uwa da wabi bai taɓa shawo kan cutar haukan kare ba. Guba ba ta tambayar wanda aka yi wa rigakafi, karen da ya saba da mutane shi ke fara ci, mai tsoro da ba a iya kamawa shi ke tsira. Ungulu ta ci mushen ta mutu, akuya ta lasa, yaro ya taɓa. Abin da ke yanke cutar shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, a kuma maimaita duk shekara. Karen da aka yi wa allura yana riƙe da unguwarsa, yana korar baƙon kare, wato shi kansa shinge ne.

Mahamat (Njamena): Ina goyon bayan Dakta da abin da ya faru a garinmu. A 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan Njamena, babban birnin Chadi, allura kyauta, unguwa-unguwa, kowace shekara an kai kashi 70 ɗin. Cutar ta ɗauke a cikin karnukan birni na tsawon watanni. Daga baya ta dawo, kuma binciken ƙwayar cutar ya nuna daga wajen birni aka shigo da ita da karnukan da mutane ke kawowa. Don haka ku ma ku sa ido kan hanyoyin shigowa: 'yan farauta da ke dawowa daga daji da rani, da masu safarar karnuka zuwa kasuwa irin ta Dawaki a jihar Filato.

Malam Nuhu: Na gamsu da batun guba. Ta fuskar addini ma babu hujjar azabtarwa. Hadisi ya tabbata a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Amma ku lura da hadisin farko da kyau: kullewa ba tare da ciyarwa ba ita ce laifin. Duk wanda zai tara dabbobi a keji ya ɗauki nauyi a wuyansa.

Sista Maryam: Ku bar ni in shigo da abin da ya fi gaggawa, domin ma'aikatanku za a fara cizo. Duk wanda zai kama kare ko mage a yi masa rigakafin haukan kare tun kafin ya fara aiki: allura a rana ta farko, wata a rana ta 7. In an cije shi daga baya, zai karɓi ƙari biyu kawai, ranar cizon da rana ta 3.

Wanda ba a taɓa yi masa ba kuma aka cije shi: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cikakku, a duba agogo, domin mutane suna yin minti biyu su ce sun gama. A sa aidin ko sifirit. Kada a ɗinke ciwon nan take in ba dole ba, kada a cusa barkono ko toka ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar. Allurar da ake yi a tsoka ana yin ta a dantse, ba a ɗuwawu ba, domin kitsen wurin yana rage aikinta. Ƙananan yara a cinya. Ana yi a rana ta 0, wato ranar da aka fara, ta 3, ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28, wasu asibitocin suna bin tsarin allura biyar. Idan haƙori ya huda fata har jini ya fito, ko yawu ya shiga ido ko baki, ana buƙatar ƙarin ruwan garkuwa da ake tsirawa a cikin ciwon kansa. A tuna da allurar tetanus.

Cutar takan ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da firgita, kusan babu wanda ke tashi. A duniya tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da 15. Yaro yakan ɓoye yakushin mage don tsoron duka, ku gaya wa iyaye su daina dukan yaron da ya kawo rahoto.

Hajiya Rabi: To shi karen da ya yi cizon fa? Yawanci matasa suna bin sa da sanduna su kashe.

Dakta Bashir: Wannan shi ne amfanin farko na wurinku. A killace shi kwana 10 shi kaɗai, a riƙa ba shi abinci da ruwa ta ƙarƙashin ƙofa. Idan yana da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon, zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. Wanda aka ciza kuma ya fara allurarsa, kada ya zauna jiran sakamako. In karen ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a fasa kansa, ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Likitan dabbobi ya yanke kan da safar hannu da kariyar ido, a sa a leda biyu, a cikin kula mai ƙanƙara, ba a cikin ruwan adana gawa ba. Ana gwajin a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ita ma take yin allurar karnuka. Ku da kuke Zariya kuna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ku fara tuntuɓarsu da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma kafin ku kama ko ɗaya.

A kula, ba kowane mahaukacin kare ke hauka a fili ba. Akwai wanda muƙamuƙinsa ke saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Mutane na sa hannu su ciro, a nan suke ɗauka.

Injiniya Sabo: Game da ginin. Filin ya isa sosai in ɗakuna goma zuwa sha biyu za a yi. Kowane kare ya samu kamar murabba'in mita 2 na kwana mai rufi, da fili mai murabba'in mita 3 na motsa jiki. Bango tsakanin ɗaki da ɗaki ya zama bulo har tsawon mita ɗaya da ɗan wani abu, sama kuma waya, don kada su haɗa hanci ko su yi faɗa ta tsakani, amma iska ta ratsa. Tsawon katanga mita 2, domin karen gida da ya ji tsoro yana hawa waya.

Daɓe ya zama siminti mai santsi kaɗan, a karkatar da shi santimita 2 a kowace mita zuwa magudanar da ke WAJEN ɗakin. Kuskuren da aka fi yi shi ne magudana ɗaya ta ratsa cikin dukkan ɗakuna, sai gudawar na farko ta bi ta ƙarƙashin ƙafar na ƙarshe. Kada a bar ƙasa ko yashi a ɗakin killacewa, ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar fabo, cutar gudawa mai jini ta kwikwiyo, suna rayuwa a ƙasa wata da watanni. A shafe duk tsagewar bango, nan kaska ke ɓuya ta yi ƙwai.

Rufin kwano shi kaɗai a watan Afrilu tanda ne. A ɗaga shi sama da mita 3, a yi silin ko a shimfiɗa zana a kansa, doguwar fuskar ginin ta kalli kudu da arewa don rana kada ta shiga kai tsaye. Ɗakin maguna ya yi nesa da na karnuka, inda ba za su gan su ba, haushin ma ya ragu. Ɗakin killacewa a can ƙarshe, da tsintsiyarsa da bokitinsa da takalmin robarsa daban.

Malam Iliya: Bari in ƙara kan zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39.2 ne, in ya haura 41 yana cikin haɗari. Shi ya sa ba a kama kare da rana tsaka a bazara, kuma ba a barin takunkumi a bakinsa bayan an gama abin da ake yi. Kamu da asuba ko bayan magariba. Ruwa kuwa, mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana, wato mai kilo 15 kusan lita guda, da zafi a ninka.

Kamun kansa: raga mai da'irar ƙarfe da doguwar sanda ta fi igiyar zarge. Waya a wuya tana shaƙewa, kuma mutanen unguwa da suka ga ana jan kare yana kururuwa gobe ba za su nuna muku inda nasu yake ba. Mage ba a kama ta da hannu sam, keji mai tarko ake sa wa kifi, da ta shiga a rufe kejin da zane, nan take za ta natsu.

Ranar da dabba ta shigo a auna nauyinta da sikeli, kada a ƙiyasta da ido, yawancin mace-macen magani daga nan suke. A buɗe mata kati: inda aka kamo, kwanan wata, jinsi, launi, nauyi, abin da aka ba ta.

Hajiya Rabi: Malam Iliya, yawancin waɗanda muke gani duk ƙazuwa ta cinye musu gashi, ga kaska. Wasu suna shafa musu baƙin mai.

Malam Iliya: Baƙin mai yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga hanta. A bar shi. Ƙazuwar da ke sa susa ana maganinta da ibamektin, irin su Ivomec mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Kowace mililita tana da miligiram 10, ana ba da miligiram 0.2 zuwa 0.3 a kowane kilo, wato kare mai kilo 10 zai samu mililita 0.2 zuwa 0.3 kacal a ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14, sau biyu ko uku. Sirinjin insulin ake amfani da shi. Wanda ya saba da shanu yakan ja mililita 2, kare ya makance ya fara tangaɗi. Ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 6 ba, kuma wasu karnukan Turawa masu kiwon tumaki ba sa jure shi.

Kaska: maganin amitaraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100, mililita 2 a lita ɗaya ta ruwa, a shafa da soso a inuwa, a bar shi ya bushe ba tare da ya lasa ba. Ba a yi wa mage, ba a yi wa ƙaramin kwikwiyo ko wanda ya galabaita. A fesa bangon ɗakin ma, in ba haka ba aikin banza ne. Idan dadashin kare ya yi fari, fitsari ya yi ja, ga zazzaɓi, cutar jini ce ta kaska, a kai jini a duba. Ina jan kunne kan Berenil, allurar da ake yi wa wannan cutar: a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, miligiram 3.5 a kilo sau ɗaya, kuma likita ne zai yi. Maimaita shi washegari don "bai warke ba" yana lalata ƙwaƙwalwa.

Tsutsar ciki: fenbendazol miligiram 50 a kilo kwana uku a jere, da firazikwantel miligiram 5 a kilo don tsutsa mai faɗi. Na biyun yana da muhimmanci ga karnukan mahauta, domin suna cin huhu da hanta masu ƙullutun ruwa da mahauta ke yarwa, su kuma zubar da ƙwan da ke kama mutum. Ku roƙi Sarkin Fawa a riƙa binne irin wannan kayan ciki.

Dakta Hadiza: An yi ta maganar kare, mage kuwa ita ta fi mutuwa a hannun masu tausayi. Farasitamol, wato Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ƙuma na karnuka mai fametirin yana sa ta farfaɗiya. Izal da Dettol ba a wanke ɗakinta da su, tana taka wa ta lashe ƙafa. Sauran miya mai albasa da tafarnuwa yana fasa jinin mage da na kare duka. Kuma tuwo da shinkafa ba za su riƙe ta ba, dole nama ko kifi, in ba haka ba ido da zuciya su lalace a hankali.

'Ya'yan mage da aka tsinta: a fara jira a gani, sau da yawa uwar ta je neman abinci ne. In ta tabbata babu uwa, ɗumi kafin abinci. Ba sa iya riƙe zafin jikinsu sai sun kai kamar mako 3 zuwa 4, kuma wanda jikinsa ya yi sanyi in an ba shi madara ba za ta narke ba. Gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul ta isa. Madarar shanu tana sa su gudawa, a nemi ta maguna a shagon kayan dabbobi. Duk awa 2 zuwa 3 a makon farko, har da dare, yana kife a kan cikinsa, ba a rigingine kamar jariri ba, don kada ta shiga huhu. Bayan kowane ci a goga masa ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi, da kansa ba zai yi fitsari ko kashi ba.

Babbar magen titi kuma kada a ajiye ta fiye da kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin fiɗiya ko cire mahaifa. Tsoro kaɗai yana tayar mata da mura da ciwon ido, ta daina ci, kuma magen da ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta na cika da kitse. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 5, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ana iya yi mata aiki da zarar ta kai kilo 1. A yanke kan kunnen hagu kamar santimita 1 tana cikin barcin allura, don daga nesa a gane an gama da ita.

Malam Nuhu: Dakta Hadiza, ita fiɗiyar nan ba za a iya yi da zobe ko dandaƙa kamar na bunsuru ba? Zai rage kuɗi.

Dakta Hadiza: A'a Malam, ko kusa. Halittar kare da muzuru ba irin ta bunsuru ba ce, zobe yana ruɓar da wurin, kare ya cinye kansa da cizo. Tiyata ce da allurar barci da kayan da aka dafa, likita mai rajista ne zai yi. Babba ya yi awa 8 zuwa 12 bai ci ba kafin aiki, ƙanana awa 2 zuwa 4 kawai don sukarinsu na faɗuwa. A ɗinke da zaren da ke narkewa a cikin fata, tunda ba za a sake kamo shi a cire zare ba. In kuɗi ya yi kaɗan a fara da mata, namiji ɗaya da ya rage zai iya ba karya goma ciki. Karyar da ake gani da nono cike tana da 'ya'ya a wani rami, ko a bar ta sai ta yaye, ko a mayar da ita cikin awa 24.

Dakta Bashir: Abu biyu da ke rufe irin wannan wuri cikin wata guda. Na farko fabo, gudawa mai jini da amai a kwikwiyo. Yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe ƙwayarta, bilic ke kashewa. A duba kwalba: mai ƙarfin kashi 5, mililita 30 a lita, mai 3.5 irin Jik, kusan 50. A fara kwashe kashi a wanke da sabulu, domin datti yana kashe ƙarfin bilic, sannan a zuba a bar shi minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe. A haɗa sabo kullum. Wanki ya fara daga ƙanana masu lafiya, ya ƙare a ɗakin marasa lafiya, ba a komawa baya. Kwikwiyo ya samu allurar haɗaka ta fabo da distemfa, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, ranar da ya shigo in ya kai mako 6, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16.

Na biyu, allurar da ta mutu kafin ta shiga jiki. Tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba daskarewa ba. Da yanayin wutarmu, ku sa firiji mai sola da ma'aunin zafi a lissafinku kafin fenti. A fita da ita a kula, kwalbar kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye.

Sai ramammen kare da haƙarƙarinsa ke waje: kada a cika masa kwano. Kashi ɗaya cikin uku na abincinsa a rana ta farko, a raba sau huɗu zuwa shida, a ƙara a hankali cikin mako guda. Cika masa ciki lokaci ɗaya yana rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya.

Hajiya Rabi: Allah ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe: yaya za mu san mun kai kashi 70 ɗin, tunda ba mu san yawansu ba?

Malam Iliya: Duk wanda aka yi wa allura a shafa masa fentin dabbobi a goshi ko baya. Kwana ɗaya ko biyu bayan gangami, mutum biyu su bi titunan unguwar da asuba, hanya ɗaya ba tare da maimaitawa ba, su ƙirga masu fenti da marasa fenti. In kun ga 40 kuma 22 ne da alama, kashi 55 ke nan, a koma a ƙara. Ku bi ta hannun mai unguwa da shugaban 'yan farauta, su za su fito muku da karnukan da ke cikin gidaje, a yi wa har da kwikwiyoyi. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, ofisoshin dabbobi kan yi allura kyauta a lokacin, ku kai sunan unguwarku tun watan Agusta.